Yadda ake tara jari a hannun mutane don buɗe masaukin baƙi na 'yan kwanaki

Kusan duk wanda ya zo wurina yana son shiga harkar nan, da tambaya ɗaya yake farawa: ina zan samu masu kuɗi? Nakan ce masa ya ajiye wannan tukuna. Masu kuɗi ba su yi ƙaranci ba. Akwai 'yan kasuwar Kantin Kwari da na Singa da ke neman inda za su ɗan raba ƙafa, akwai ma'aikacin da ya karɓi garatuti yana tsoron kada ya narke a hannunsa, akwai likitoci da malaman jinya a Saudiyya da Ingila masu son su ajiye wani abu a gida. Wanda ake nema a rasa shi ne mutumin da za a danƙa wa naira miliyan 10 a koma gida a yi barci mai nauyi. Yawancin aikin tara jari, aikin zama wannan mutumin ne, a takarda da kuma a aikace.

Harkar da nake magana a kai ita ce gidan da aka ƙawata da komai, gado da kujeru da kayan girki da wuta da intanet, ana ba baƙo na kwana biyu ko mako ɗaya ko wata. A Abuja da Legas shotlet ake kiransa, sunan ya kuma bi shi Kano da Kaduna. Masu biki, iyalan da suka zo asibiti, 'yan kwangila, ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da masu zuwa taro, da yawansu sun fi son irin wannan gida a kan otal, domin mace za ta yi girkinta, yara su wala, ba a cuɗanya da kowa a harabar gida. Banki kuwa ba abokin tafiyar mai farawa ba ne. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100, bankunan kasuwanci kuma suna ɗora nasu a kai. Ko an ajiye maganar haramcin riba a gefe, gidan baƙi ba ya iya ɗaukar wannan kaya. Shi ya sa ake komawa ga mutane.

Mataki na farko: ka tsayar da abin da kake kiran mutane su shiga

Hanya uku ce. Ko dai a sayi gidan, ko a kama haya a mayar da shi masauki, ko kuma a haɗa kai da mai gida, shi ya kawo gini, masu jari su kawo kayan ciki, kai ka kawo aiki.

Sayen gida ya fi kwanciyar hankali ga mai jari, tunda ko baƙi ba su zo ba ginin na nan, amma yana cin kuɗi mai yawa kuma kuɗin ba ya dawowa da wuri. Idan nan ka nufa, kada kwabo ya fita sai lauya ya binciki takardun filin a hukumar da ke riƙe da su, AGIS a Abuja, KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna. Dokar filaye ta 1978 ta ce sai da amincewar gwamna ake sauya mallakar fili mai takardar gwamnati, a Abuja kuma ta ministan birnin. Sunan kamfaninku ne zai hau takardar, ba naka ba.

Kama haya ita ce ƙofar da yawancin matasa ke shiga. Ta fi sauƙi, ta kuma fi haɗari, domin komai naka yana cikin gidan wani. Dole mai gida ya rubuta a cikin yarjejeniyar haya cewa ya yarda ka riƙa saukar da baƙi, kuma ka nemi a rubuta shekara biyu ko uku tare da iyakar ƙarin kuɗin haya. Ka tambayi shugabannin rukunin gidajen ma, domin wasu rukunan sun hana wannan harka saboda shige da ficen baƙin fuska.

Ta ukun ce na fi so ga mai farawa, ita ce kuma aka fi mantawa da ita. Duk wanda ya zaga unguwannin Guzape ko Katampe ko Jahi a Abuja ya ga gidaje a kulle, masu su sun ƙi sakin farashi, 'yan haya sun ƙi zuwa. Mai irin wannan gida shi ne mai jarinka na farko, ko da bai ba ka ko sisi ba. In ya yarda ya karɓi kaso daga abin da gidan ke samarwa maimakon haya a dunƙule, ka rage kusan sulusin kuɗin da za ka nema a wurin mutane.

Mataki na biyu: lissafi, kuma a nan ake daɗewa

Kafin ka buɗe baki gaban kowa, ka ɗauki wata guda kana bin unguwar da ka zaɓa. Ka buɗe Airbnb da Booking.com, shafukan intanet da ake kama masauki ta cikinsu, ka ga nawa gidaje irin naka suke, ka duba kalandarsu kullum ka ga kwana nawa suke cika. Ka kira dillalan da ke talla a Instagram kamar mai neman masauki ka ji farashin gaskiya bayan ragi. Ka zauna da maigadi, shi ya fi kowa sanin mota nawa ke kwana a harabar.

Ga misali, da alƙaluman da na zaɓa don bayani kawai, kai za ka sa na unguwarka. A ce gida mai ɗaki biyu ne. Hayar shekara miliyan 6, kuɗin dillali da lauya miliyan 1.2, kuɗin hidimar rukunin gidaje miliyan 1, kayan ɗaki da na kicin da esi miliyan 7, sola da inbata da batir miliyan 4.5, sai kuɗin ko-ta-kwana miliyan 2.3. Jimla miliyan 22. Wannan shi ne jarin da ake nema.

A ce kwana ɗaya naira dubu 90 ne. Kowace shekara sai ka ware miliyan 7.5 na hayar baɗi da kuɗin hidima, tunda haya ba ta tsayawa wuri ɗaya, da kuma miliyan 1.5 na sabunta kaya, domin katifa na lotsawa, batir na mutuwa, tawul na yin baƙi. Idan gidan na cika kwana 20 a wata, shekara za ta kawo miliyan 21.6, hidimar yau da kullum ta ci kamar miliyan 5.4, ribar da za a raba ta zama miliyan 7.2. Idan kwana 15 ne, abin da ya shigo miliyan 16.2, hidima miliyan 4.8, riba ta sauko miliyan 2.4. Idan kuwa kwana 10 ne, miliyan 10.8 ya shigo, hidima ta ci miliyan 4.2, an faɗi da miliyan 2.4.

Ka dubi tazarar da kyau. Kwana biyar kacal a wata ne tsakanin riba mai daɗi da ribar da ba ta kai ta kawo ba, wasu biyar ɗin kuma tsakaninta da faɗuwa. A wannan misali sai gida ya kai kwana 13 a wata kafin ya riƙe kansa. Wannan adadi, wato kwanakin da gida ke buƙata don kada a faɗi, shi ne lambar da za ka haddace kamar sunanka, domin duk mai jari mai hankali zai tambaye ka ita.

Wuta ce ke kashe lissafin mutane da yawa. Baƙon da ya biya dubu 90 ba zai kashe esi don ya tausaya maka ba, zai ma bar shi a kunne ya fita yawo. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 janareto ya zama abin tsoro, a Afrilun 2024 kuma aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A, wato unguwannin da aka fi ba wuta, daga kusan naira 68 zuwa 225 a kowane yunit, kafin a ɗan sassauta. Ka nemi rasit na wutar wani gida makamancin naka na wata uku ka gina lissafinka a kai.

Sai kuma yanayin shekara. Abuja takan yi shiru lokacin bukukuwan Sallah da Kirsimeti, da lokacin dogon hutun majalisa, saboda jama'a sun tafi garuruwansu. Kano kuwa lokacin Sallah da hawan Daushe da lokacin bukukuwan aure take cika, azumi kuma ya zo da sanyin kasuwa. Ka rubuta lissafin wata-wata, kada ka ɗauki wata mai albarka ka ninka shi sau 12.

Mataki na uku: ka fara da naka

Gani ya kori ji. In kana da halin buɗe ɗaki ɗaya da kuɗinka, ka yi, ka riƙe shi wata shida kana rubuta komai. In ba ka da hali, ka karɓi kula da gidan wani a kan kamasho. Abin da kake nema shi ne bayanan asusun banki na gaske, da littafin baƙi, da sharhin da suka rubuta a kanka. Ranar da za ka nemi jari kuma, ka sa naka kuɗin a ciki, ko kashi 10 cikin 100 ne. Alhajin da ya ga ka sayar da motarka ka zuba, kallon da zai yi maka daban ne da na wanda ya zo da baki kawai.

Mataki na huɗu: a kan wane tsari za ka karɓi kuɗin

Nan ne na fi ganin mutanen kirki suna faɗawa rami. Don ya burge mai kuɗi, sai mutum ya ce, “Kawo miliyan 5, duk wata zan ba ka dubu 250, uwar kuɗinka kuma tana nan.” Wannan magana ta lalace ta fuska biyu. A shari'a bashi ne da ya jawo amfani, wato riba ce tsagwaronta. A kasuwance kuma alkawari ne da gidan ba zai iya cikawa ba a watan da baƙi suka ɗauke ƙafa. Idan watan ya zo, kunya takan sa mutum ya karɓi kuɗin sabon mai jari ya biya tsohon, daga nan ya zama abin da bai taɓa nufin zama ba. Mun ga yadda MMM ta tsaya da kuɗin jama'a a Disambar 2016, mun ga CBEX a Afrilun 2025. Waɗancan da gangan aka gina su a kan yaudara, amma ramin da mai gaskiya ke faɗawa siffarsa ɗaya da nasu.

Tsarin da ya dace da wannan harka tsoho ne a wurinmu. Malamanmu na Malikiyya suna kiransa ƙiradi, bankunan Musulunci irin su Jaiz da TAJ suna cewa mudaraba: wani ya kawo dukiya, wani ya kawo aiki, a raba riba bisa kason da aka yi yarjejeniya tun farko. Idan kai ma ka zuba kuɗi, ya zama musharaka, wato tarayya. Ƙa'idojin ba su da yawa. Riba kaso ce daga abin da aka samu, ba adadi tsayayye ba. Idan aka faɗi ba tare da sakaci ko ha'inci ba, asarar dukiya tana kan masu dukiya gwargwadon abin da kowa ya zuba, mai aiki kuma ya yi asarar wahalarsa. Idan sakacinka ne ya jawo, kai za ka biya. Ba ka da ikon lamunce wa kowa uwar kuɗinsa.

A misalinmu, a ce masu jari na da kashi 70, kai kana da 30. A shekarar kwana 20, masu jari za su raba kusan miliyan 5, wato wajen kashi 23 cikin 100 na abin da suka zuba. A shekarar kwana 15 kuwa bai kai kashi 8 ba. Ka faɗa musu duka biyun, har da na ukun. Ka kuma sani cewa mai kuɗi yana da inda zai kwatanta. Sukuk na gwamnatin tarayya, wato takardar zuba jari bisa tsarin Musulunci, wanda aka fara a 2017 da naira biliyan 100, ya biya kashi 16.47 a shekara, na 2025 kuma ya haura kashi 19, ba tare da mutum ya damu da fashewar famfo ba. Idan lissafinka na tsaka-tsaki bai tunkari wannan ba, ka koma ka nemi gida mai sauƙin haya ko ka bi hanyar haɗa kai da mai gida. Kada ka gyara alƙaluma don su yi kyau.

Akwai wani salo da ke jan hankalin masu jari, musamman ga gidan haya inda babu ginin da za a sayar a ƙarshe: su riƙa karɓar kaso mafi girma, kamar kashi 80, har sai kuɗin da suka zuba ya dawo hannunsu, daga nan a koma rabi da rabi. Ka kai wa malamin da ya san fiƙihun ciniki tsarin da kuka zaɓa ya duba kafin a sa hannu, ka tambaye shi yadda zakka za ta kasance.

Mataki na biyar: kamfani da doka

Kada kuɗin mutane ya shiga asusunka na kanka, ko na kwana ɗaya. Ka yi rajistar kamfani a CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa. Dokar kamfanoni ta 2020 ta sauƙaƙa abin, mafi ƙarancin hannun jarin kamfani mai zaman kansa naira dubu 100 ne, ta kuma kawo tsarin tarayya mai iyakantaccen alhaki ga waɗanda ba sa son kamfani. Ni na fi ganin kowane gida, ko kowane rukunin masu jari, a ba shi kamfaninsa daban, don kada matsalar gidan Wuse ta ci kuɗin masu gidan Gwarinpa.

Abu biyu ka riƙe daga wannan doka. Masu hannun jari a kamfani mai zaman kansa ba sa wuce mutum 50, kuma an hana shi kiran jama'a gaba ɗaya su sayi hannun jarinsa. Ma'ana, ba za ka hau Facebook ko TikTok ka ce duk mai so ya turo kuɗi ba. Tara kuɗi daga jama'a ta intanet sai ta dandalin da SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari, ta yi wa rajista, bisa ƙa'idojin da ta fitar a 2021. Sabuwar dokar zuba jari da aka sa wa hannu a Maris 2025 ta tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun, ga masu shirya tsarin damfara irin na biyan tsoho da kuɗin sabo. Ka tsaya ga mutanen da ka sani, ɗaya bayan ɗaya, ka bar lauya ya duba maka iyakar da ba za ka tsallaka ba.

Banki zai nemi takardar SCUML, wato shaidar rajista a sashen yaƙi da halasta kuɗin haram na EFCC, kafin asusun kamfanin ya yi aiki sosai, domin harkar gidaje da masaukai na cikin waɗanda ake sa wa ido kan halasta kuɗin haram. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da miliyan 5, kamfani kuma sama da miliyan 10, sai ta banki. Duk wanda ya ce zai kawo maka jari a buhu, ba ya son sunansa ya fito a ko'ina, ka ba shi haƙuri. Ka yi rajistar haraji, ka tambayi akanta abin da ake cirewa daga ribar masu hannun jari kafin a ba su, ka kuma nemi lasisin da jiharka ke buƙata ga masaukai. Gidan da kayan ciki kuma a yi musu takaful, wato inshorar Musulunci, saboda gobara da sata.

Mataki na shida: wa za ka tunkara, da wace magana

Ka rubuta sunan mutum 30 da ka sani, sannan ka soke duk wanda in kuɗin ya salwanta rayuwarsa za ta girgiza. Kuɗin marayu, kuɗin makarantar yara, kuɗin da gwaggo ta tara na aikin Hajji, garatutin da shi kaɗai dattijo ya mallaka, duk ba na wannan harka ba ne, ko da su suka roƙe ka. Na taɓa karɓar kuɗin wata 'yar uwa da ta sayar da sarƙarta ta gwal ta kawo mini. Wata huɗu da buɗe gidan aka sa ranar auren 'yarta, ta zo tana son kuɗinta, alhali sun zama kujeru da batir. Sai da na ci bashi na sallame ta, amma zumuncinmu ya daɗe bai koma daidai ba. Tun daga ranar, tambayar da nake fara yi wa kowa ita ce: in kuɗin nan ya yi shekara uku ba ka taɓa shi ba, akwai abin da zai tsaya maka?

Mutum huɗu ko biyar masu miliyan 4 ko 5 sun fi mutum 40 masu dubu 500. Kowane mai jari waya ce da za ka riƙa amsawa.

Ka shirya takarda da ba ta wuce shafi biyar ba: hoton gidan da unguwar, abin da za a kashe dalla-dalla, lissafin nan kala uku, kason kowa, haɗurran da ke ciki, da yadda mutum zai fita. Ka yi ta da Hausa ga wanda Hausa ta fi masa sauƙi. Kada ka tura ta WhatsApp ka zauna jira. Ka je da ƙafarka, a gaisa, a tambayi iyali, sannan ka kawo magana. Ga dattijo kana iya cewa, “Alhaji, wata 'yar harka nake yi ta masaukin baƙi, wata takwas ke nan. Na zo ka duba mini lissafin, in da gyara ka gyara mini.” Tsohon ɗan kasuwa ya fi son a nemi shawararsa kafin a nemi kuɗinsa, kuma sau da yawa gyaran da zai yi maka ya fi kuɗin amfani. In ya tambaye ka, “To yaro, in aka faɗi fa?” kada ka ce in sha Allahu ba za a faɗi ba ka yi shiru. Ka ce, “Ranka ya daɗe, ana iya faɗuwa. In gidan bai kai kwana 13 a wata ba, faɗuwa ce. Ga abin da na tanada, ga kuma abin da za mu iya tsira da shi in muka sayar da kayan.” Daga nan ka gayyace shi ya zo ya ga gidan da idonsa.

Za a tambaye ka irin baƙin da kake saukarwa, kuma tambaya ce mai kyau. Mutane da yawa ba sa son dukiyarsu ta zama wurin shaye-shaye da baɗala, a Kano kuma Hisba na sa ido a kan masaukai. Ka rubuta dokokin gidan: katin shaida ga kowane baƙo, ba fati, iyakar mutanen da za su kwana, kyamara a ƙofar shiga kawai ban da cikin ɗakuna. Wannan zai rage maka wasu kwastomomi, sai ka sa ragin a lissafi tun yanzu.

'Yan uwa mazauna waje suna da tasu matsalar. Wanda ya turo dala a farkon 2023, lokacin da take wajen naira 460 a farashin gwamnati, ya ga ta haura 1,500 a 2024. Ko gidan ya yi riba a naira, shi a dala ya yi asara. Ka faɗa masa a sarari cewa da naira ake lissafi, ka kuma sa ya turo ta banki a ba shi takardar shaidar shigo da jari, ita za ta ba shi damar fitar da ribarsa ta hanyar hukuma.

Mataki na bakwai: a rubuta

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Duk da haka sai ka ji mutum na cewa ai tsakaninmu ba sai an rubuta ba. Tsakaninku ɗin ne ma ya fi buƙatar rubutu, domin baƙo in kun saɓa kowa ya kama gabansa, ɗan uwa kuwa za ku haɗu a wurin suna da jana'iza.

Lauya ne zai tsara, amma kai za ka tabbatar waɗannan sun shiga: nawa kowa ya zuba da kason da ya samu, me ake kira riba, wato me da me ake cirewa kafin a raba, yaushe ake rabo, ko kana da albashi ban da kasonka, tare da sanin cewa a ƙiradi zalla mai aiki kasonsa kawai yake ci, adadin kuɗin da ba za ka kashe ba sai da izininsu, me za a yi in aka buƙaci ƙarin jari, da shekarun da tarayyar za ta yi. A rubuta abin da zai faru in mai jari ya rasu, ko magada za su ci gaba ko za a ƙiyasta kasonsa a biya su, da abin da zai faru in kai ne ka rasu ko ka kwanta ciwo, wa ke da makulli da lambobin sirri. A kuma ambaci wanda zai yi sulhu in an saɓa kafin a kai ga kotu. Manyan kotunan Abuja da Kano duk suna da sashen sasanci da aka kafa don irin wannan. Kowa ya sa hannu gaban shaidu biyu, a biya kuɗin hatimi, kowa ya tafi da kwafinsa.

Mataki na takwas: karɓa da kashewa

Ka sa ranar rufe karɓar kuɗi, ka kuma yi alkawari a rubuce cewa in jarin bai cika ba zuwa ranar, kowa za a mayar masa da nasa cif. Kada ka fara kashe rabi kana fatan sauran zai zo, haka ake samun gidan da aka biya wa haya amma babu gado a ciki, kwanakin haya kuma na tafiya. Asusun ya zama sai da sa hannun mutum biyu ake fitar da babban kuɗi, kai da wakilin masu jari. Duk abin da aka saya, daga firij har cokali, a ɗauki hoton rasit a ajiye inda kowa zai gani. In kafinta ya yi maka ragi, ragin na kamfani ne.

Mataki na tara: rahoto da rabo

Kowane wata, a rana ɗaya tsayayya, ka tura musu shafi guda: kwana nawa aka cika, nawa ya shigo, nawa ya fita, nawa ke asusun haya da na sabunta kaya, sai bayanan banki a manne. Baƙo ya biya ta asusun kamfani kawai, ko da tsakar dare ya iso. Rabo kuwa duk wata uku ya fi duk wata, saboda wata mai kyau ya rufe wa maras kyau asiri, kuma ba a rabo sai an cika asusun haya.

Watan da abu ya lalace, kai za ka fara kira. Inbata ta ƙone, baƙo ya fasa talabijin ya gudu, mai gida ya aiko da takardar ƙarin haya, duk su ji daga bakinka a ranar, tare da abin da kake shirin yi. Masu jari suna jure labari maras daɗi fiye da yadda ake zato. Abin da ba sa jurewa shi ne su ji a bakin maigadi. Kuma daga cikin waɗannan mutum huɗu ko biyar ne jarin gida na biyu zai fito, su da abokansu da za su kawo, bayan sun ga rahoto 12 a jere ba fashi.

Mataki na goma: ƙofar fita

Wanda ke son fita kafin wa'adi ya ba da sanarwar wata uku. A fara tayin kasonsa ga sauran masu jari, in ba mai so sai kai, in ba ka da hali sai wani na waje da kowa ya aminta da shi. Farashin kuma a bi hanyar da aka rubuta tun farko, misali kuɗin da ke asusu, da sauran kwanakin hayar da aka biya, da ƙimar kayan bayan an cire tsufansu. In gidan saye aka yi, a kira mai ƙiyasta gidaje mai rajista, ba dillalin unguwa ba.

A kuma yarda tun yau a kan alamar da za ta sa a rufe. Misali, in gida ya yi wata shida a jere bai kai kwanakin riƙe kansa ba, a zauna a zaɓa: a mayar da shi hayar wata-wata ga kamfani ko ma'aikata, a sayar da harkar ga wani mai masauki, ko a sayar da kaya a raba. In rufewar aka zaɓa, a yi ta kafin lokacin sabunta haya ya zo, domin kuɗin da aka tara na hayar baɗi shi ne kaso mafi girma da zai koma hannun masu jari. Sola da batir da esi su ake fara sayarwa tunda sun fi riƙe daraja, a biya mai shara da maigadi da duk wanda ke bin gidan bashi, abin da ya rage a raba gwargwadon jarin kowa, sannan a je CAC a rufe kamfanin a hukumance.